Jinkirin Biyan Kyautar Sabon Katin Banki: A Yanka Wa Bankuna Wa'adi Kamar Yadda Suke Yanka Mana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa suke ɗauka ƙarami, har suna jin nauyin ɗaga murya a kansa, alhali kuwa yana taɓa amanar da ke tsakanin banki da mai hulɗa da shi. Al'amarin shi ne jinkirin da ake yi wajen biyan kyautar da banki yake alkawarta wa wanda ya karɓi sabon kati, musamman katin bashi, wato katin da mutum yake sayayya da kuɗin banki sannan ya mayar idan wata ya yi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Katsina, kuma albashina ta banki yake shigowa. Wata rana masu tallan wani banki suka zo ofishinmu da takardu a hannu, suka zauna da mu cikin ladabi da sakin fuska, suka yi mana bayanin cewa duk mai albashin da ya karɓi katin bashinsu, ya yi sayayyar naira 150,000 da shi cikin kwana 60, za a saka masa naira 20,000 a matsayin kyautar maraba. Lokacin ya zo daidai da komawar yara makaranta, akwai hidimomi a gabana waɗanda ko da kati ko babu kati sai na yi su, saboda haka na cike takardar na sa hannu. Katin bai iso reshe ba sai bayan kusan mako uku. Da na karɓa, na riƙa amfani da shi a gidan mai da kantin magani da manyan shagunan da suke da na'urar POS, na cika adadin da aka ce kafin wa'adi, na kuma biya bashin gaba ɗaya kafin ranar da aka yanka mini. Yau wata biyar ke nan, ban ga kyautar ba.

Sau huɗu ina zuwa reshen. A zuwan farko an ce in ƙara haƙuri, ana kan aiki. A na biyu an ce ba su ne suke sakin kuɗin ba, daga hedikwata ake saki, su ma jira suke yi. A na uku ne wani ma'aikaci ya duba kwamfuta ya gaya mini abin da babu wanda ya faɗa mana ranar da aka zo talla, wato kwana 60 ɗin nan daga ranar da aka amince da takardata aka fara ƙirga su, ba daga ranar da kati ya shigo hannuna ba. Mako ukun da na yi ina jiran kati ya tafi a cikin wa'adina. Muka sake lissafi tare da shi, aka ga duk da haka na cika sharaɗin da sauran kwana biyu, ya ce zai tura maganar sama. A duk waɗannan zuwa uku ban fito da ko guntuwar takarda ba da za ta nuna cewa na kai kuka. Sai a zuwa na huɗu na tafi da wasiƙa a rubuce, kwafi biyu, na nemi a buga hatimi a kan nawa, a kuma ba ni lambar ƙorafi.

Ban rubuto wannan wasiƙa don in aibata ma'aikatan da ke kan kanta ba. Yawancinsu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, suna tashi gaishe ka idan ka shigo, kuma na gamsu cewa ba a hannunsu maganar take ba. Kukana a kan tsarin ne, wanda ya ɗaure mai kati da ranaku ƙirgaggu, ya bar banki babu rana. Idan na makara da kwana ɗaya wajen biyan abin da na ci, kwamfuta ba za ta jira in zo in ba da uzuri ba, nan take za ta ɗora mini tara da kuɗin ruwa. Idan na tura naira 10,000 ko sama da haka, akwai harajin naira 50 da ba ya taɓa makara. Kuɗin alat da kuɗin kula da kati su ma suna fita a kan lokacinsu, ko mutum yana barci. To, na'urar da ta iya cire waɗannan ba tare da kuskuren rana ba, me zai hana ta saka kyauta a ranar da sharaɗi ya cika? Duk bayanin da ake buƙata yana gabanta: ranar buɗe kati, abin da aka kashe, ranar da aka biya. Mu a nan mun taso muna jin hadisin nan da yake cewa jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ake bin sa zalunci ne, kuma a ganina daga lokacin da mutum ya cika sharaɗin da aka gindaya masa, abin ya tashi daga kyauta ya koma hakki, domin ba a banza aka yi alkawarin ba. Da shi aka jawo mutum ya sa hannu, da shi aka sa ya karkatar da cefanensa zuwa kati, kuma banki yana samun kasonsa a kan kowace sayayya da aka yi da katin.

Akwai kuma asarar da jinkirin kansa yake jawowa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar farashi a watan Disamba na 2024 da kashi 34.80 cikin ɗari, kuma duk mai zuwa Babbar Kasuwar Katsina da jakar cefane ya san ma'anar irin wannan lissafi ba sai an fassara masa ba. Naira 20,000 da aka yi maka alkawari da kaka, idan ba ta zo ba sai bayan damina ta faɗi, ba za ta auno maka tiyoyin da za ta auno a farko ba. Wani abokin aikina da iyalinsa suke Daura ya karɓi katin tare da ni, daga baya aka mayar da shi aiki can. Tsakanin Daura da Katsina tafiyar kusan kilomita 80 ce ta Mashi, kuma da ya je reshen da ke kusa da shi sai aka ce ya koma inda ya cike takarda. Ya zo sau biyu, ya lissafa kuɗin mota zuwa da komawa da ranakun aikin da ya rasa, ya ga idan ya ƙara zuwa ɗaya abin da zai kashe zai kai abin da yake bi, sai ya ce ya bar wa Allah. Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Kuɗin bai kai a ɗauki lauya ba, bai kai a yi ta zirga-zirga ba, saboda haka yawancin mutane suna haƙura, kuma duk wanda ya haƙura kuɗinsa ya zauna a hannun wanda ya yi jinkirin. Tsarin da mai jinkiri ne yake cin ribar jinkirinsa ba zai gyaru da kansa ba.

A cikin wannan zirga-zirga na fahimci inda ake samun tangarɗa, kuma ina ganin masu karatu za su amfana da sani. Irin wannan kyauta a kan sayayya kawai ake lissafa ta. Cirar tsabar kuɗi da katin ba ta shiga lissafi, kuɗin shekara da banki yake cira a kan katin ba ya shiga, kayan da ka saya ka mayar aka dawo maka da kuɗinka kuma ana zare su daga jimilla. Wannan sharaɗi yana da nauyi a wurinmu fiye da yadda yake da shi a wurin mutumin Legas ko Abuja, domin mai hatsi da mahauci da mai kayan miya a kasuwanninmu lambar asusu suke ba ka ka tura, ko su ce ka je wurin mai POS ka ciro. Wanda ya je wurin mai POS ya goga katin bashi ya karɓi tsaba yana zaton sayayya ya yi, alhali a wurin banki yana iya zama cirar kuɗi, wadda a yawancin irin waɗannan katuna kuɗin ruwanta daga ranar yake fara hawa. Bayan haka, ko ka cika adadin a tsakiyar wata, galibi ba a duba cancantarka sai an rufe lissafin watan. Wani lokaci kuma garaɓasar ta waɗanda suka nema ta manhajar waya ce kawai, ko ta waɗanda ba su taɓa riƙe irin katin ba, kuma mai talla da yake neman cika adadin mutanen da aka ɗora masa ba lallai ne ya tsaya a kan waɗannan ba. Duk suna nan a rubuce da ƙananan haruffa, da Turancin lauyoyi, a bayan takarda ko a shafin intanet da ake iya sauyawa kowace rana.

Kada a ɗauka wannan matsala tamu ce mu kaɗai, ko a ce ta yi ƙanƙanta da hukuma za ta sa baki. A Amurka, inda katin bashi ya zama ruwan dare kuma bankuna suke gasar ba da tsabar kuɗi da makin da ake tarawa a musanya da kyauta ga sababbin masu kati, akwai hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi da ake kira CFPB, wadda ta fara aiki a 2011. A watan Yuli na 2023 hukumar ta hukunta Bank of America, ɗaya daga cikin manyan bankunan ƙasar, a kan laifuffuka da suka haɗa da hana mutane kyautar da aka yi musu alkawari lokacin da suka nemi katin bashi, musamman waɗanda suka nema ta waya ko a cikin reshe. An umarci bankin ya biya abokan hulɗarsa sama da dala miliyan 100, ya kuma biya tarar dala miliyan 150 ga hukumomi biyu. A watan Disamba na 2024 hukumar ta sake fitar da gargaɗi cewa rage darajar makin da mutum ya riga ya tara, ko hana shi bisa sharuɗɗan da aka binne a cikin takarda, yana iya zama saɓa doka. Ban kawo wannan don in ce komai nasu daidai yake ba. Na kawo shi ne don a ga cewa hukuma tana iya ɗaukar alkawarin talla a matsayin alkawari na gaske, ta kuma sa wanda ya saɓa ya ji a jikinsa.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Babban Bankin Nijeriya, wato CBN, yana da Sashen Kare Hakkin Masu Hulɗa da Bankuna, kuma a watan Disamba na 2019 ya fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa bankuna bayyana sharuɗɗa a fili kafin mutum ya sa hannu, suka kuma hana tallan da zai ruɗi jama'a. Hanyar da aka shimfiɗa ita ce mutum ya fara kai ƙorafinsa bankinsa, a ba shi lambar da zai riƙa bibiya da ita, ya ba su mako biyu a yawancin al'amura, idan ba a warware ba sai ya rubuta wa wancan sashe na CBN. Ba sai an je Abuja ba, ana iya miƙa wasiƙar a reshen CBN da ke nan Katsina. Akwai kuma hukumar FCCPC da aka kafa da dokar 2018 don kare hakkin masu saye, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da take nan tun 1975 kuma tana da ofis a jihohi. Abin da na lura da shi shi ne duk waɗannan ƙofofi da takarda ake buɗe su. Wanda ya je reshe sau goma ya yi magana da baki, a idon hukuma bai taɓa kai kuka ba. Mu kuwa al'adarmu ta kunya da kara tana sa mu ji kamar rashin yarda ne mu ce wa yaron da ya gaishe mu da ladabi ya rubuta mana abin da ya faɗa. Ya kamata mu cire wannan nauyi, domin rubuta yarjejeniyar bashi abu ne da addini da kansa ya yi umarni da shi, kuma takardar tana kare ma'aikacin kamar yadda take kare mu.

Saboda haka shawarata ga duk wanda aka yi wa irin wannan tayi ita ce ya fara tara shaidarsa tun ranar farko. Ya ɗauki hoton tallan da wayarsa yadda kwanan wata zai fito, ya ajiye takardar sharuɗɗa, ya tambayi ranar da wa'adi zai fara da ranar da kyauta za ta shigo, ya nemi a rubuta masa amsar ko a turo masa ta imel. Ya riƙa adana rasiɗin POS da alat, ya kuma wuce adadin da aka ce da ɗan wani abu, don kada mayar da kaya ɗaya ya rage masa lissafi. Idan ranar ta wuce, kada ya ɓata wata uku yana sintiri kamar yadda na yi, ya rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da abin da aka alkawarta da ranar da ya cika sharaɗi da abin da yake nema. Kuma kada jiran kyauta ya sa ya ƙi biyan bashinsa yana cewa a cire a ciki, domin asusun biyu daban suke a wurin banki, tara za ta hau kansa, sunansa kuma yana iya shiga rajistar masu taurin bashi da bankuna suke dubawa kafin su ba da rance. Haka nan kada ya ci gaba da kashe kuɗin da bai yi niyya ba da zaton ƙarin sayayya zai sa a tuna da shi.

Akwai haɗari ɗaya da nake so a ja kunnen matasa a kansa. Idan gajiya ta sa mutum ya kai kukansa Facebook ko wani dandali ya ambaci bankinsa, ba a daɗewa sai wasu su biyo shi da shafi mai ɗauke da tambarin bankin, su ce za su saka masa kyautarsa yanzu idan ya ba su lambar da ke jikin kati, ko lambar sirri, ko lambar da aka turo masa a waya, ko BVN. Banki ba ya neman lambar sirrin kowa. Wanda ya yi wata biyar yana jira shi ne ya fi sauƙin faɗawa wannan tarko, kuma wani ɓangare na alhakin yana kan wanda ya bar shi cikin jiran.

Na san wasu daga cikin masu karatu za su ce tun farko me ya kai Musulmi karɓar katin bashi, kuma tambaya ce da ta dace. Na karɓa da niyyar biya kafin kuɗin ruwa ya hau, kuma haka na yi. Daga baya wani malami ya nusar da ni cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Riyadh a shekarar 2000 cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudura biya a cikin wa'adi. Maganar ta shige ni, na daina amfani da katin, kuma hukuncin ita kyautar kanta na bar wa malamai su gaya mini inda ya kamata in kai ta idan ta zo. Amma wannan bai wanke wanda ya yi alkawari ya ƙi cikawa ba. Ƙari a kan haka, irin wannan tayi bai tsaya ga katin bashi ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da dole ta sa 'yan kasuwa da matan aure da ɗalibai suka buɗe asusu a waya, bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi suke ta tallan tukuicin buɗe asusu, da na gayyato aboki, da na mayar da wani kaso na abin da ka kashe da katin cirar kuɗi. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka yi wa alkawarin naira 2,000 idan ya kawo abokai uku yana da hakki iri ɗaya da nawa, kuma shi ya fi ni rashin bakin magana.

Roƙona ga CBN yana da madogara a aikin da bankin ya riga ya yi. A da, idan na'urar ATM ta zare maka kuɗi ba ta ba ka ba, sai ka yi makonni kana bi. A watan Yuni na 2020 CBN ya yanka wa'adi: idan na'urar bankinka ce a mayar nan take, idan ta wani banki ce kada a wuce awa 48, idan kuma ta POS ce ko ta intanet kada a wuce awa 72. Har yanzu ana samun saɓawa, amma mai ƙorafi ya samu abin riƙewa, yana iya cewa awa kaza ta wuce. Irin wannan nake nema a kan kyaututtukan talla. A wajabta wa duk bankin da ya yi irin wannan alkawari ya rubuta ranar biya a jikin tallan kansa, da haruffa masu girman waɗanda aka rubuta adadin kyautar da su. A sa wa'adin sayayya ya fara daga ranar da kati ya shiga hannun mai shi. Idan banki ya ga mutum bai cancanta ba, ya turo masa saƙo ya faɗi dalili, maimakon shirun da yake sa a yi ta jira. Idan kuma ranar biya ta wuce ba a biya ba, a ci bankin tara, a kuma bar kowane reshe ya karɓi ƙorafi, don kada mutumin Daura ko Funtuwa ko Jibiya ya sake biyan kuɗin mota a kan hakkinsa. Tunda bankuna sun iya yin talla da Hausa a gidajen rediyonmu, ya kamata sharuɗɗan ma su zo da Hausa, a takarda guda da mutum zai iya karantawa kafin ya sa hannu.

Mako biyun da na bai wa bankin bayan wasiƙata sun cika a makon jiya ba tare da amsa ba, kuma na riga na haɗa kwafin wasiƙar da lambar ƙorafi da bayanin asusuna zan miƙa a reshen CBN ranar Litinin, in Allah ya kai mu. Ina roƙon wannan jarida ta buɗe fili ga masu karatun da irin wannan ta same su, su aiko da abin da aka alkawarta musu da tsawon lokacin da suka yi suna jira, sannan wakilinku na Katsina ya ɗauki abin da aka tara ya kai wa hukumomin da abin ya shafa, ya nemi amsarsu a rubuce.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ma'aikacin gwamnati,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.